DADDAWA: UWAR MIYA DA MUKE GUDU

Yau ina so mu taɓa tarihin wata aba da muke yamutsa fuska idan an buɗe ta, alhali ita ta raini iyayenmu da kakanninmu, wato daddawa, ko daudawa in ji Katsinawa.

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori ta ga bishiyoyin ɗorawa tsaye a tsakiyar gonakin masara da auduga. Ba banza manoman da suka bar su ba, don kuwa a da mutum yakan sare komai a gona ya ƙyale ɗorawa, har gadonta ake yi. Idan ta nuna da bazara, garinta a sha, ɓawonta a jiƙa a yi makuba ta daɓe, ƙwallon kuwa, wato kalwa, shi ne rabon mata.

Aikin kalwa ba na mai gaggawa ba ne. Za a ɗora ta a babbar tukunya ta wuni ta kwana ana iza wuta, sannan a surfa a turmi ɓawon ya fita, a wanke tas, a sake dafawa da 'yar kanwa. Daga nan a juye a kwando a lulluɓe, a bar ta kwana biyu ko uku ta ruɓa. To wannan ruɓar ita ce sirrin, ita ke kawo warin da kuma ɗanɗanon. Sai a kirɓa, a faɗaɗa, a shanya. Inda kalwa ta yi wuya kuma, da 'ya'yan yakuwa ake yin daddawar batso.

Kada ku ɗauka abin namu ne mu kaɗai. Yarbawa suna ce mata iru, mutanen Mali sumbala, na Sanagal kuma netetu. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Katsina a 1851, kuma a littafin tafiyarsa ya yi bayanin ɗorawa da daddawar da ake saye da sayarwa a ƙasar Hausa. Tun kafin shi ma, a 1826, masana tsirrai na Turai sun raɗa wa bishiyar suna Parkia, don tunawa da Mungo Park wanda ya mutu a Busa a 1806. Kun ji, su suka ɗora mata sunan baƙo, mu masu ita muna ƙyamarta.

Shi kuwa dunƙulen da ya kore ta ɗan bayanta ne nesa ba kusa ba. Kamfanin Maggi na ƙasar Suwizalan sai a 1908 ya fara yin sa, ya daɗe kuma kafin ya iso madafinmu. Da ya zo sai ya zo da sauƙi, ba wari, ba daka, ga talla a rediyo. Ni ban ce a jefar da shi ba, ni ma ina sawa. Amma mu sani mafi yawansa gishiri ne, ita kuwa daddawa abinci ce mai gina jiki, ita ke tsaya wa talaka a miyar kuka ran da babu nama. Shi ya sa ake daka wa maijego yajin daddawa, kuma marar lafiyar da bakinsa ya mutu da ita ake buɗe masa shi.

Abin da ke damuna shi ne, gatarin masu itace da gawayi ya tasar wa ɗorawa, ita kuwa sai ta yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Tsofaffin da suka iya aikin suna ta tafiya, ga zawarawa da yawa da wannan sana'a suka aurar da 'ya'yansu. In bishiyar ta ƙare, me za a dafa?

Don haka 'yar uwa, in akwai gwaggo ko inna da ta iya a danginku, je ki zauna kusa da ita ki koya. Ki kuma roƙi maigida ya bar ɗorawar gonarsa ta rayu. Tsohuwar zuma dai da ita ake magani.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.