TUKUNYAR BAƘO DA GONAR MAI MASAUKI: TARIHIN CIYAR DA MATAFIYA A ƘASAR GAYA DA AJINGI

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya haye gadar Wudil, ya nufi Gaya, zai ga rumfunan masu abinci a bakin titi: mai shayi da teburinsa, mai tsire da tukubarsa, mai tuwo da tukwanenta bisa murhu. Matafiyi yakan sauka ya ci, ya biya, ya hau mota ya wuce. Kuɗin da ya bayar sun biya hatsi da mai da nama. Amma akwai waɗansu abubuwa da suka shiga wannan kwano waɗanda ba a sa su cikin farashi ba, watau itacen da aka ƙona, da ruwan da aka ɗebo, da ƙarfin ƙasar da ta ba da hatsin, da lokacin yarinyar da ta ɗauko tallan. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin wannan sauran bashi a ƙasar Gaya da Ajingi, a ga wanda ya riƙa biyansa a da, da wanda yake biyansa a yau.

Hanya da Zango

Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Labarin baka ya nuna cewa Abagayawa, watau maƙeran da suka zauna gindin Dutsen Dala suna neman tama, daga Gaya suka fito. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, ya kuma ambaci zuwan Agalfati, Sarkin Gaya, ɗan Sarkin Macina, a zamanin Yakubu (1452-1463). Wannan ya ishe mu shaidar cewa tun ƙarni na goma sha biyar ƙasar Gaya, har da yankin da ake kira Ajingi yanzu, tana kan hanyar masu shigowa Kano daga gabas.

Fatake ba su tafiya sai da ayari, ayari kuwa ba ya kwana sai a zango. Madugu shi ne shugaban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Idan an sauke kaya, sai matan gari da yaransu su fito da tuwo da fura da danwake, maza su kawo harawa da itace. Falken da ya shiga gari yakan sauka gidan fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ciniki ya zama na bashi. Galibi fatoma ba ya karɓar kuɗin kwana. Rabonsa yana cikin la'ada. Saboda haka jarinsa na ainihi shi ne sunansa, domin falken da aka cuta a bana ba zai dawo baɗi ba, kuma ba zai yi shiru a sauran zangogi ba. A ƙauye kuwa, inda babu fatoma, zauren mai gari ko na liman shi ne masauki, kuma akushin da ke fitowa daga gidaje bayan magariba yakan haɗa da rabon baƙo da na almajiri. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Rabon Ƙasa

Abin lura a nan shi ne yadda kusan duk abin da ciyar da baƙo ya ɗauka daga ƙasa yake komawa cikinta. Jakuna da takarkarin ayari sun ci harawa da dusa, sun bar kashi, manomi ya kwashe ya kai gona. Haka makiyayi yakan sauka a gona da kaka, shanunsa su ci karmami su bar taki, mai gona ya ba shi hatsi. Tokar murhu da sharar tsakar gida duk juji suke tafiya, jujin kuma a zuba shi a mangala a kai gona kafin damina. Kwanon cin abinci ƙwarya ce ko akushi, cokali ludayi ne, daddawa a ganyen kalgo ake ƙunshe ta. Idan ƙwarya ta fashe a ɗinke ta, idan ta gagara ɗinki ta zama sakaina, daga bisani ƙasa ta cinye ta.

Itacen girki ma yana da nasa tsari. Manomin ƙasar Kano ba ya share gona kwaf. Yakan bar gawo saboda yana kaɗe ganyensa da damina, bai tare wa gero rana ba, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne. Yakan bar ɗorawa saboda kalwa, kuka saboda miya, tsamiya saboda kunu. Kowace bishiya a gona tana da mai ita, kuma yawanci reshe ake sara a bar kututture ya sake toho. Inda itace ya yi wuya, kara ne makamashi. Ta haka gonakin da aka shekara ɗaruruwa ana nomawa ba hutu suka ci gaba da ciyar da masu su da baƙinsu.

Bai kamata a ɗauka zamanin nan ba shi da aibi ba. A ƙarni na goma sha tara wani babban kaso na noma da daka da ɗebo ruwa da saran itace bayi ne suke yinsa, a rinji da cikin gidajen masu hali, kuma sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Nijeriya ta Arewa. Ƙasa kam tana karɓar rabonta, amma akwai mutanen da suka biya da jikinsu ba a tambaye su ba.

Jirgin Ƙasa da Gyaɗa

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Da haraji ya koma na tsabar kuɗi, sai manomi ya ware wa gyaɗa wani ɓangare na gonar hatsi. Ruwa ya ɗauke a daminar 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, rumbuna suka ƙare, al'adar fitar da akushi zaure ta gagari gidaje da yawa. Wata yunwar, 'Yar Buhu, ta biyo baya a 1927.

Daga nan hanya da kanta ta sake. A 1930 dogo ya kai Nguru ta Ringim, kanwa da fata da gyaɗar gabas suka koma kan jirgi, daga baya kuma manyan motoci suka ƙwace ragowar lodin jakuna. Zango ya zama tasha. Baƙon tasha ya sha bamban da falke: ba ya kwana, ba ya zuwa da dabba, ba ya barin taki, kuma mai yiwuwa ne ba zai sake tsayawa wurin ba har abada. Dangantakar da aka gina bisa suna da amana ta koma ta awa guda.

Duk da haka gyaɗa ta buɗe wa mata wata ƙofa. Matan kulle suka riƙe sana'ar matsar mai da ƙuliƙuli, wanda mai tsire ba ya iya sana'arsa sai da shi, suka haɗa da ƙosai da waina da dafa-duka. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki, domin kantin yana cikin gida inda mai ƙidayar gwamnati ba ya gani. Enid Schildkrout, a nata binciken cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa wannan ciniki a kan yara ya dogara, musamman 'yan mata masu talla, waɗanda ribarsu ke tara kayan ɗaki. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare na kowa da kowa a 1976, sai makaranta da faranti suka shiga jayayya a kan lokacin yarinya guda, kuma a ƙauyuka da yawa faranti ne ya yi rinjaye.

Fari, Madatsa da Otal

Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da bishiyoyi, cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 ta rushe nomanta, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Mata masu matsar mai suka rasa abin matsawa, man gwangwani ya shiga kasuwa.

Gwamnatin Audu Bako (1967-1975) kuwa ta duƙufa wajen tare ruwa. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma ta biyo baya a 1992. Waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama Kogin Hadeja, wanda ya ratsa Wudil ya gangara ta gefen Ajingi zuwa Ringim. Saboda haka abin da aka yi a Tiga ya shafi tukunyar mutumin Ajingi kai tsaye. Kogin da a da yakan cika da damina ya janye da rani ya koma mai gudana duk shekara, kuma da injinan ban ruwa suka yaɗu a shekarun 1980, musamman ta hannun hukumar KNARDA, noman rani ya bunƙasa a fadamu. Tumatir da albasa da tattasai da shinkafa suka wadata, har shinkafa, wadda a da abincin sallah da biki ce, ta zama abin da matafiyi ke fara tambaya a rumfa. A ɗaya gefen kuwa, cikowar da takan shimfiɗa laka mai ƙarfi a fadama, kifi kuma ya hayayyafa a cikinta, ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Hadeja, sa'an nan a shekarun da aka sako ruwa da yawa, kamar 2001, ambaliya ta ci gonaki da gidaje a gabashin Kano da Jigawa.

A wannan zamani ne kuma gwamnati ta shiga sana'ar saukar baƙi da kanta, ta gina manyan otal a bakin tafkin Bagauda da na Tiga don 'yan yawon buɗe ido. Da kuɗin man fetur suka ja baya, sai kula da su ya gagara. Ginin na Bagauda daga baya aka mai da shi makarantar horar da lauyoyi. Rumfar mai tuwo a tashar Gaya, wadda ba ta taɓa shiga kasafin kuɗi ba, ita ce ta ci gaba da ciyar da matafiya.

Itace, Dunƙule da Leda

An daɗe ana cewa murhun Kano zai cinye bishiyoyin karkararta. Wani bincike da malaman labarin ƙasa suka yi, ciki har da Michael Mortimore, wanda aka buga a 1990, ya gano cewa bishiyoyin gonakin da ke kewaye da birni ba su ragu ba, domin masu su suna tattalinsu, kuma itacen da birni ke ƙonawa yana ƙara zuwa ne a manyan motoci daga dazuzzuka masu nisa. Darasin a fili yake: bishiyar da ke da mai ita ta tsira, dajin da ake ganin na kowa ne shi ya sha gatari. Tun daga lokacin jama'a ta ƙaru, har ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Ajingi kaɗai mutum fiye da 170,000, gonaki suka ƙanƙance wajen rabon gado, kuma tsadar kananzir da iskar gas, balle bayan janye tallafin fetur a 2023, ta mai da masu abinci da yawa ga gawayi, wanda ba reshe yake ci ba, bishiya ɗungum yake ci.

Akwai kuma asarar da ba ta da ƙara. Da dunƙulen miya na kamfani ya samu karɓuwa tun daga shekarun 1970, darajar kalwa a idon mai girki ta ragu, manomi kuma bai cika damuwa da renon ƙaramar ɗorawa a madadin wadda ta tsufa ba. Leda ta maye gurbin ganye da ƙoƙo, ruwan leda ya cika tashoshi tun shekarun 1990. Jujin da a da taki ne zalla yanzu sai an tsince shi, kuma mahauta sun saba ciro ƙullin leda daga tumbin saniya. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana kwanon soso na ɗaukar abinci a 2024.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ciyar da baƙo a ƙasar Gaya da Ajingi ya ɗore ƙarnoni ne saboda abin da aka ɗauka daga gona yana komawa gona, kuma mai masauki yana tsammanin sake ganin baƙonsa. Jirgi da mota da madatsa da leda sun kawo sauƙi da yalwa waɗanda babu mai hankalin da zai so a mayar, amma sun tsinke wancan zagaye, bashin ya faɗa kan daji mai nisa, da fadamar da ke ƙasan kogi, da yarinyar da ke tsaye a tasha lokacin darasi.

Gyaran ba sai an nemo shi daga Turai ba. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma Hausawa suka koma renon tohon kututture a gonakinsu, abin da suke kira sassabin zamani, kuma an ƙiyasta cewa bishiyoyi wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta kamar miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Abin da ya ƙarfafa su shi ne tabbacin cewa wanda ya reni bishiya shi ke da ita. Hakimai da dagatai da shugabannin tasha a Gaya, Ajingi, Toranke da Balare suna da ikon yin kwatankwacin haka: a tabbatar wa manomi bishiyarsa, a ware sharar abinci daga leda a mayar da ita taki, a taimaki masu tuwo da murhun da ba ya cin itace da yawa, a kuma tsara talla yadda ba za ta ci karo da lokacin makaranta ba. Idan hakan ya ƙara 'yan kuɗi kaɗan a kan kwano, matafiyin da ya ci shi ya fi cancanta ya biya, domin kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski.