Kalmar aure a bakin Girkawan dauri

Ya kai mai karatu, zo mu yi tafiya zuwa ƙasar Girka, can cikin Turai. Mu koma baya shekara wajen 2,500, mu shiga babban birninsu Atina. Kalma guda za mu duba, kalmar aure.

A Hausa kana cewa Audu ya yi aure, kana cewa Hadiza ta yi aure. Kalmar ɗaya ce. Girkawan dauri kuwa sun raba ta biyu. In namiji ne, sai ya ce "gameo", watau na auro mace. In mace ce, sai ta ce "gameomai", watau an aure ni. Namiji shi ke aikatawa, mace ita ake aikata wa. Uban yarinya shi ma yana da tasa kalma, "ekdidomi", watau na bada ita.

Me ya kawo haka? Dubi yadda suke ɗaura aure. Uba da ango su ke ƙulla magana tsakaninsu gaban shaidu. Ba dole ba ne yarinya ta kasance a wurin. Galibi shekarunta 14 ko 15, shi kuwa ango ya kai 30. Ba ango ke bada sadaki ba. Uba ne ke bada dukiya ta bi ɗiyarsa, amma a hannun miji take zama. In aure ya mutu, sai miji ya maida ta gidan su matar. Mace ba ta tsayawa gaban alƙali da kanta, sai waliyinta ya yi mata magana.

Hukuma ma ta sa hannu. A shekara ta 451 kafin haihuwar Annabi Isa, shugaba Perikles ya kawo doka: yaro ba ya zama ɗan ƙasa sai in uwarsa da ubansa duka ƴan Atina ne. Har wata guda suka yi wa suna Gameliyon, watan aure, lokacin sanyi.

Da yake kowa ya san bambancin kalmomin nan, sai suka zama abin ba'a. Wani mawaƙi mai suna Anakreyon ya so ya yi wa wani mutum dariya. Sai ya sa masa kalmar mata, don a gane shi aka aura.

Amma harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bayan shekara ɗari biyar, lokacin da aka rubuta Linjila da Girkanci, an riga an fara sa wa mace "gameo" kamar namiji. Yau kuma a Girka kalmar ta lalace, ta zama batsa, mai kunya ba ya faɗinta. Sun sami wata kalma ta yin aure. Sai dai bikin har yanzu "gamos" suke ce masa. Daga nan ne Faransanci ya samo "poligami", watau auren mace fiye da ɗaya.

To, ka gani. Matan Atina ba su bar mana rubutu mai yawa ba, amma kalmar ta ba mu labarinsu. Kai ma saurari bakinka ranar da zancen auren ɗiyarka ya taso. Za ka ce ta yi aure, ko za ka ce an yi mata aure?