Samanja Mazan Fama: Hausar Bariki da Dariya a Zamanin Soja

Duk mai nazarin barkwancin soja a ƙasar Hausa ba shi da mafari sai Samanja Mazan Fama, wasan da Usman Baba Pategi ya jagoranta a rediyo da talabijin na Kaduna tun shekarun 1970. An fi tuna kakin Samanja da tsawarsa. A ganina ginshiƙin wasan shi ne Hausar bariki, kuma masu wannan Hausar, ciki har da ɗimbin sojojin kudancin Kaduna, su suka ba da tubalin da aka gina shi.

Pategi Banufe ne. An haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, cikin Jihar Kwara ta yau. Ya shiga soja a shekarun 1960, ya ga yaƙin basasa, ya kuma yi aiki a gidan rediyo da talabijin na Arewa da aka kafa a Kaduna a 1962. Ke nan bai je bariki neman labari ba, daga can ya fito. Yadda ake shirya wasannin Hausa a lokacin ya ƙara wa wannan nauyi. Ba a cika dogara ga cikakken rubutu ba: a tsara ƙashin labari, a yi gwaji, sauran magana kuma ɗan wasa ya ciro daga bakinsa. A irin wannan aiki kunne ya fi alƙalami, kuma abin da kunnen Pategi ya tara a filin fareti da layin ƙananan sojoji shi ya zuba a gaban kyamara. Graham Furniss ya ba wasan gurbi a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, to amma tarihin masu harshen har yanzu yana neman mai tonawa.

A zamanin rundunar da Lugard ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, da Hausa ake horar da kurata, alhali da yawansu ba da ita suka tashi ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar Najeriya daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000. Samarin Bajju da Atyap da Ham da Kagoro sun shiga da yawa, yankinsu na kudancin Kaduna ya kuma fitar da manyan hafsoshi irin su Zamani Lekwot da Martin Luther Agwai. Kafin ma su sa kaki, yankinsu ya koya musu gaurayen harshe. Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa ce tun ƙarshen shekarun 1920, inda Ibo da Bayarabe da Bahaushe da ɗan ƙasa suke ciniki da Hausa mai sauƙin nahawu, wadda ba ta damu da bambanta namiji da tamace ba, tana kuma aron Turanci ba tare da neman izini ba. Hausar da Samanja ke ba da oda da ita 'yar'uwar wannan ce.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a saurara. Barkwancin Hausa ya daɗe yana cin abinci da gwarancin wanda ba Bahaushe ba, kuma ga mutumin Zonkwa ko Kwoi, wanda ya san yadda raini ke farawa daga harshe, wannan dariya tana iya yin ɗaci. Ban raina wannan suka ba. Sai dai a duba wanda ke riƙe da sanda a wasan. Mai Hausar bariki shi ne gwarzo, shi ke tsawa, shi ke yanke hukunci, shi masu kallo ke jira ya fito. Mai wasan kansa kuwa koyon Hausar ya yi, don haka daga cikin gida yake tsokanar. Samun irin wannan Hausa a bakin mai iko, a tashar da ke alfahari da daidaitacciyar Hausa, ba ƙaramin abu ba ne.

Inda wasan ya takura kuwa, zamaninsa ne ya takura shi. A Ingila, Dad's Army ya fara fitowa a BBC a 1968, shekara 23 bayan yaƙin duniya na biyu, ƙarƙashin mulkin farar hula, shi ya sa ya iya yi wa kyaftin dariya son ransa. Samanja ya tashi raunin yaƙi bai warke ba, sojoji na mulki, tashar kuma ta gwamnati ce. Zaɓen muƙamin samanja dabara ce: mutum ne na tsakiya, hafsa na samansa, kurtu na ƙasansa, ana iya yi masa dariya ba a taɓa fadar mulki ba. Talaka ya samu damar dariyar kakin da yake tsoro a kan titi, rundunar kuma ta samu fuska mai fara'a. Kowa ya ci riba, amma ta gwamnati ta fi tsoka.

Pategi ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023. Tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi tare da tsararsa suna ƙarewa a garuruwan Jama'a da Zangon Kataf da Kachia. Su ne za su iya faɗin wace magana ce ta bariki ta ainihi, wace ce Pategi ya ƙaga, da kuma ko dariyar ta yi musu daɗi ko ta sosa musu rai. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu ya kamata su je su naɗi muryoyinsu tun suna raye.