Yadda rabi da sulusi suka hau kafaɗar lamba

Ƙaramar lambar da ake ɗorawa a kafaɗar wata, kamar 3 ɗin da ke cikin 2³, asalinta ƙidaya ce: a jera 2 sau uku a ninka su, a sami 8. Matsala tana tasowa ne idan aka ɗora rabi ko sulusi a wurin, domin ba a jera lamba rabin sau. A nan ɗalibai masu shirin WAEC da NECO kan cije, malamai da yawa kuma su ce a haddace kawai: rabi a kafaɗa yana nufin tushen murabba'i. Tarihin al'amarin ya fi wannan haddar ma'ana.

Neman tushe ya girmi lambar kafaɗa da dubban shekaru. Wani allon yumɓu na Babila, mai shekara fiye da 3,500, yana ɗauke da tushen murabba'in 2 da daidaito mai ban mamaki. A Bagadaza, wajajen shekarar 820, Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara da kalmomi zalla, babu alama ko ɗaya. Bayansa Alkaraji, sannan Assamau'al a ƙarni na 12, suka jera matakan ninki bi da bi, har da na ƙasa da ɗaya, suka gane cewa ninka mataki biyu daidai yake da tara matsayinsu. Da alamomin yau, 2² sau 2³ shi ne 2⁵.

Wannan ƙa'idar tarawa ita ce uwar komai. Wanda ya bi ta har cikin gutsuren lamba shi ne Nicole Oresme, malamin Faransa na ƙarni na 14 wanda daga baya ya zama bishop na Lisieux. A littafinsa Algorismus proportionum ya yi lissafi da rabin mataki da sulusinsa. Hujjar a fili take. Idan 9 mai rabi a kafaɗa aka ninka ta da kanta, rabi da rabi sun zama ɗaya, amsa ta koma 9. Lambar da ake ninkawa da kanta a sami 9 kuwa ita ce 3, wato tushenta. Haka 4 mai ɗaya da rabi, wato uku bisa biyu, a kafaɗa: a jera 4 sau uku a ninka su a sami 64, a ɗauki tushen murabba'i, 8 ta fito. Lambar saman gutsuren tana faɗin matakin ninki, ta ƙasan tana faɗin wane tushe za a nema.

Alamomin rubutu ne suka yi nawa. Masanin lissafi Chuquet ya yi amfani da sifiri da lambobi na ƙasa da sifiri a kafaɗa a 1484, alamar √ ta fito a littafin Rudolff a 1525, Descartes kuma ya daidaita rubutun kafaɗa a 1637 amma bai wuce cikakkun lambobi ba. Wallis ya yi bayanin gutsure a kafaɗa a 1656. Sai a wasiƙar ranar 13 ga Yuni, 1676, wadda Newton ya aika wa Oldenburg domin a isar wa masanin lissafi Leibniz, ya rubuta rabi da sulusi a kafaɗar harafi kamar yadda ake yi yanzu.

Saboda wannan wasiƙa wasu ke ba Newton dukkan yabo, wasu kuma ke ɗaukar abin a matsayin gajarta rubutu kawai. Duka biyun ba su yi adalci ba. Newton ya samo alama mai kyau saboda yana bukatarta a ƙa'idarsa ta buɗe baka mai lamba biyu, amma tunanin ya riga shi da kimanin shekara 300. Kuma babu wanda ya zaɓi ma'anar da son ransa: muddin ana so ƙa'idar tarawa ta ci gaba da aiki, rabi a kafaɗa ba ya iya zama komai sai tushen murabba'i.