Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Kisan Dakta Bala Muhammad da Darasinsa ga Manoman Ƙasar Maska

Gabatarwa

Ranar Juma'a 10 ga Yuli, 1981, cikin watan azumi, damina ta zauna, manoman Maska da Funtuwa da Malumfashi na duƙe a gonakin auduga da masara, sai tarzoma ta ɓarke a birnin Kano. Gungun masu zanga-zanga suka cinna wa gidan rediyon jihar wuta, suka ƙona kamfanin jaridar Triumph da wasu ma'aikatun gwamnati. Daga nan suka nufi gidan Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi shawara kan harkokin siyasa, suka kashe shi, suka banka wa gidan wuta.

Wannan maƙala tana kafa hujja a kan abu guda. Abin da ya fi ciwo a kisan Bala Muhammad shi ne hannuwan da suka aikata shi hannuwan talakawa ne, wato mutanen da ya sadaukar da iliminsa domin ƙwato musu haƙƙi. Duk wanda ya fahimci yadda aka yi talaka ya zama makamin kashe mai kare shi, ya fahimci babban ɓangare na abin da ke addabar kudancin Katsina a yau.

Mutumin da zamaninsa

Bala Muhammad mutumin Bauchi ne, garin Malam Sa'adu Zungur. Ya yi aikin rediyo, ya tafi Amurka ya yi karatu har ya sami digirin digirgir a kimiyyar siyasa, sannan ya dawo ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano. Waɗannan matakai uku su suka gina shi. Rediyo ya koya masa yi wa jama'a magana da harshen da suke ji. Zaman Amurka ya nuna masa yadda baƙar fata ke fafutukar neman haƙƙinsu a ƙasar da kakanninsu suka gina da guminsu. Jami'a kuma ta sa shi cikin sahun malamai masu ra'ayin sauyi, irin su Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka ɗauki ilimi a matsayin amanar talaka.

Aƙidar da ya shiga tana da dogon tarihi. Tun ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ta raba al'ummar Arewa gida biyu a nazarinta: masu mulkin En'e da talakawan da ake mulka. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala da kora daga garuruwansu, kuma tarihin Hajiya Gambo Sawaba kaɗai ya isa shaida. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta gaji wannan tuta, ta ci jihohi biyu: Kano a hannun Rimi, Kaduna a hannun Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. A lokacin ƙasar Katsina duka tana cikin jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro jihar Katsina. Saboda haka gwagwarmayar da Bala ya mutu a cikinta ta mutanen Maska ce kai tsaye.

Abin da manomi ya gani a ƙasa

Matakin farko da gwamnonin biyu suka ɗauka a watan Oktoba na 1979 shi ne soke haraji da jangali. Matashin yau zai iya ɗaukar wannan ƙaramin abu, amma dattawan ƙasar Maska sun san nauyinsa. Haraji kuɗi ne da ake ɗora wa kowane baligi, ko gona ta yi kyau ko ta ƙi. Daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa umarnin ke gangarowa, wanda ya kasa biya kuwa ya gamu da wulaƙanci a gaban iyalinsa. Wannan ne ya sa manomi ke kai audugarsa kasuwa a farashin da aka yanka masa, ko ya sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, sannan ya dawo ya saya da tsada a tsakiyar damina. Wani ya tafi cin rani, wani ya jinginar da gona. Bafulatani kuma yana ɓoye shanunsa a daji saboda jangali.

Yankin Funtuwa ya fi kowane yanki sanin wannan lissafi. Maska tsohon gari ne da ya yi suna a saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa. Da Turawa suka shimfiɗo layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙaurar Namoda, aka kafa injinan gurzar auduga, sai audugar da masaƙan gida ke sarrafawa ta koma kayan fitarwa zuwa masana'antun Ingila. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe. Shirin ya kawo taki da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, amma masu nazari da dama sun nuna manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa, kuma darajar da gona ta ƙara ta sa masu hali suka buɗe ido a kanta. Shi ya sa Balarabe Musa ya kafa kwamitin binciken filaye domin sauraron koken waɗanda aka ƙwace wa gonaki.

A nan ne hatsarin yake. Soke haraji ya taɓa hanyar samun wasu, ya kuma rage ikon da ake riƙe talaka da shi. Binciken filaye ya taɓa dukiyar da aka tara. Malamai irin su Bala Muhammad su ne ke ba waɗannan matakai hujja, suna fassara su a takarda da kan mumbarin siyasa. Ƙwaƙwalwar tafiyar ke nan, kuma mai son tsayar da tafiya ya san inda zai sara.

Watanni goma sha biyar na jini

Kisan bai faɗo daga sama ba. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, waɗanda ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. A cikin wannan shekara PRP ta dare gida biyu, 'yan Taɓo na tare da Malam Aminu, 'yan Santsi na tare da gwamnonin biyu. A watan Disamba rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, ya kuma tona yawan matasan da suka baro ƙauye suka cika birni ba sana'a, ba mai kula da su. A 1981 Rimi ya ɗaga darajar wasu masarautu irin su Gaya da Rano da Dutse, abin da magoya bayan fadar Kano suka ɗauka rage mata ƙarfi ne. Ranar 23 ga Yuni majalisar dokokin Kaduna, wadda 'yan jam'iyyar NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Balarabe Musa bayan ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa tun hawansa. Farkon Yuli gwamnatin Kano ta aika wa Sarki Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Kwana 17 bayan tsige Balarabe, aka kashe Bala.

Akwai fassara biyu a kan wannan rana. Ta farko ta ce fushin jama'a ne kawai: Kanawa na ƙaunar sarkinsu, suka ga an ci masa mutunci, suka fito. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Sarauta a ƙasar Hausa ta wuce kujera, tana haɗe da addini da tarihi da martabar gari, kuma 'yan Santsi sun raina zurfin wannan ƙauna. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai wannan fassara ta kasa amsa wasu tambayoyi. Fushin da ya taso haka kawai ba ya zaɓen inda zai ƙona. Wuraren da aka kai wa hari su ne bakin gwamnati da alƙalaminta: rediyo, jarida, da gidan mutumin da ake ganin shi ne mai tsara tunaninta. Fassara ta biyu ita ce ta gwamnatin Rimi da abokan Bala, waɗanda suka dage cewa shiri ne aka yi, suka kuma zargi 'yan sanda, waɗanda ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya, da zura ido. Yusufu Bala Usman ya tattara takardu a kan wannan zamani a littafin da kwamitin tunawa da marigayin ya buga a 1982. Matar marigayin, Hajiya Naja'atu Muhammad, ta shafe shekaru tana nanata cewa ba a hukunta waɗanda suka kashe mijinta ba. Ko wace fassara mutum ya ɗauka, abu ɗaya ya tabbata: babu attajiri ko mai muƙami da ya ɗauki wuta da hannunsa. 'Ya'yan talakawa ne suka yi aikin.

Madubi daga ƙetare

Tarihin baƙar fata a wasu ƙasashe ya nuna wannan salo ba a Kano ya fara ba. An haifi Malcolm X a 1925 a Amurka, ya yi zaman kurkuku daga 1946 zuwa 1952, ya fito ya zama muryar baƙaƙen da suka gaji da haƙuri da wariyar launin fata. A 1964 ya rabu da ƙungiyar Elijah Muhammad da yake ciki, ya sauke farali, ya ziyarci Nijeriya, inda ɗalibai Musulmi a Ibadan suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗan da ya dawo gida. Ranar 21 ga Fabrairu, 1965, aka harbe shi a birnin New York yana da shekara 39, kuma baƙaƙe 'yan'uwansa ne suka ɗana kunamar bindigar. Sai a 2021 kotu ta wanke biyu daga cikin mutum ukun da aka ɗaure, bayan an gano hukumomin tsaro sun ɓoye hujjojin da za su kuɓutar da su tun farko.

Haka masanin tarihi Walter Rodney, wanda bom ya kashe a ƙasarsa Guyana ranar 13 ga Yuni, 1980, shekara ɗaya kafin Bala. Sai a 2016 kwamitin bincike ya ɗora alhakin kisan a kan gwamnatin wancan lokaci.

Darussa biyu ke nan. Na farko, masu ƙarfi ba safai suke kisa da hannunsu ba, ɓarakar cikin gida suke nema, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rabuwar Malcolm da tsohuwar ƙungiyarsa ta bar shi a fili, kamar yadda rikicin Taɓo da Santsi ya raba talakawan Kano a daidai lokacin da suka fi bukatar juna. Na biyu, gaskiya tana iya fitowa ko bayan shekara hamsin, amma sai inda aka sami masu bibiya da ba su gaji ba, da hukumomin da ke adana takardu. Amurka da Guyana sun sake buɗe fayil. Mu namu yana rufe.

Abin da ya rage wa ƙasar Maska

Za a iya cewa wannan tsohon labari ne, haraji ya tafi, NEPU da PRP ta farko sun zama tarihi. Amma duba yadda ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka kasance a 'yan shekarun nan. Manomi ya bar gonarsa saboda tsoron masu garkuwa da mutane. A wasu ƙauyuka sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka ko girbi, wato harajin da aka soke a 1979 ya dawo ta bakin bindiga. Wanda ke riƙe da bindigar ɗan makiyayi ne da bai taɓa shiga aji ba, mai kai masa rahoto ɗan gari ne da talauci ya ci ƙarfinsa, wanda ake sacewa kuma manomi ne ɗan'uwansu. Lokacin zaɓe kuma a tara matasa a ba su ƙwaya da 'yan kuɗi su zama 'yan banga. Salon dai shi ne na ranar 10 ga Yuli: talaka a kan talaka, mai cin riba yana gefe.

Kuskuren da 'yan gwagwarmayar 1979 suka yi shi ne zaton cewa da zarar an sauke wa talaka kaya, zai gane mai ƙaunarsa. Soke haraji aikin rana ɗaya ne. Wayar da kai aikin shekaru ne, yana bukatar makaranta da sana'a da ƙungiyar manoma mai tsayawa da ƙafarta ko gwamna ya tafi. Gwamnatin Rimi ta hango haka da ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, amma lokaci bai ba ta dama ba. Matashin da ba ya da gona, ba ya da karatu, ba ya cikin wata ƙungiya da ke sauraronsa, na wanda ya riga zuwa wurinsa ne.

Kammalawa

Haƙƙin Bala Muhammad a kanmu iri biyu ne. Na farko na masana ne: a tattara shaidar waɗanda suka ga wannan rana tun suna raye, a fito da rahotannin bincike daga ma'ajiyar gwamnati, a koyar da tarihin a jami'o'in Kano da Katsina da Zariya ba tare da tsoro ko son kai ba. Na biyu na al'umma ne, musamman mu mutanen karkara: mu ɗauki tarbiyya da karatun yaron maƙwabci, na gari da na ruga, a matsayin tsaron kanmu. Wanda aka bari a yau ba ilimi ba sana'a, shi za a ba ashana gobe, kuma gidan da za a nuna masa na mai kare shi ne. Allah Ya jiƙan Dakta Bala Muhammad, Ya sa jinin da ya zuba ya zama silar farkawar waɗanda ya mutu dominsu.