Daga Patigi zuwa Karu: Tarihin Jami'ar Bingham

A shekarar 2005 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ba da lasisin buɗe jami'o'i masu zaman kansu da dama, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka shafi Arewa kai tsaye: Al-Qalam a Katsina, Al-Hikmah a Ilori, Jami'ar Mkar a Binuwai, da Jami'ar Bingham a Karu ta Jihar Nasarawa. Biyun farko ƙungiyoyin Musulmi ne suka kafa su, biyun ƙarshe kuwa na ikilisiya ne. Bingham mallakar ECWA ce, ikilisiyar da hedkwatarta ke Jos, wadda dubban majami'unta da Hausa suke waƙa da wa'azi kowace Lahadi. Takardar lasisin sabuwa ce, amma saiwar jami'ar ta haura shekara ɗari a ƙasa.

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Su ne Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, haifaffen Ingila mazaunin Kanada, wanda a lokacin bai wuce shekara 21 ba. Ba wata babbar ƙungiya a bayansu, ba kuma kuɗin kirki a aljihu. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, shi kuwa Bingham zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a Legas har ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 ayarin da ya shirya ya samu wurin zama a Patigi, a ƙasar Nufe. Daga nan ƙungiyar da aka sani da SIM ta yaɗu zuwa Wushishi, da Egbe, da Kwoi, har da ita kanta Karu a ƙasar Gbagyi.

Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka aka daɗe ba a bar 'yan mishan sun kafa tashoshi a masarautun Musulmi ba. Ƙofar da ta buɗe musu daga baya ita ce ta jinya. A shekarun 1930 SIM ta karɓi kula da masu cutar kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi a Nijar a 1950, sannan asibitin Evangel na Jos, wanda kowa ya fi sani da Jankwano, a 1959. Wannan ne ya sa talakawan Arewa da dama, ko da ba su taɓa leƙa majami'a ba, suka san mishan ta hanyar allura da maganin ido.

Majami'un da SIM ta shuka sun haɗu suka zama ECWA a 1954, kuma a 1976 SIM ta miƙa mata ragamar ayyukanta a Najeriya. Sai dai a daidai wannan zamanin ne gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan. Ikilisiyar da ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan manoma karatu ta wayi gari abin da ya rage a hannunta makarantun tauhidi ne, irin su Kagoro da Igbaja, da ta Jos da aka buɗe a 1980. A ganina wannan rashi yana cikin abin da ya sa burin jami'a bai taɓa barin zukatan dattawanta ba.

Doka ce ta daɗe da tare hanya. Gwamnatin soja ta Buhari ta soke jami'o'i masu zaman kansu a 1984, ta Babangida ta sake halatta su a 1993 bisa sharuɗɗa masu nauyi, ciki har da fili aƙalla hekta 100. Ba a ba da lasisin farko ba sai a 1999, ga Igbinedion da Madonna da Babcock. Ikilisiyoyin Kudu suka yi gaba: Baptis ta buɗe Bowen a Iwo, Living Faith ta buɗe Covenant a Ota. ECWA ta biyo sahu bayan 'yan shekaru.

An fara karatu a 2006, ba a Karu ba, a harabar makarantar tauhidi ta ECWA da ke Jos, ƙarƙashin shugaban jami'a na farko, Farfesa Aaron Gana, masanin kimiyyar siyasa. A 2008 aka koma mazauni na dindindin a kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya da safe ya san cunkoson Nyanya da Mararaba da Masaka, inda 'yan acaba da masu tallan ruwan leda ke kutsawa tsakanin motocin ma'aikatan da ke rige-rigen shiga Abuja. Sai an wuce wannan hayaniya, wajen Auta Balefi, ake karkata zuwa jami'ar. Zaɓen wurin dabara ce: kusa da babban birni inda iyaye masu iya biya suke, amma a Nasarawa inda fili bai kai na Abuja tsada ba.

Babban jarin da ECWA ta zuba a jami'ar shi ne Jankwano. A 2010 aka mayar da shi asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Ɗalibin likitanci yakan yi shekarun farko a Karu, sannan ya tattara kayansa ya hau tudun Jos don koyon aiki a gefen gadon majinyaci. A can zai tarar da sashen masu yoyon fitsari da aka kafa tun 1992, inda mata daga ƙauyukan Arewa, da yawansu Musulmi, ke zaune a inuwa da zannuwansu suna jiran ranar tiyata, wasu bayan shekaru da miji da dangi suka guje su. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa sun sha wuya kafin su samu asibitin da hukumar likitoci za ta amince da shi. Bingham ta gaji nata, da tsofaffin ma'aikatansa da amanar da jama'a suka riga suka ba shi.

Tsarin mulkin jami'ar hawa-hawa ne. A sama akwai ikilisiya, mai mallaka, kuma shugaban ECWA na ƙasa yana riƙe da matsayin babban mai duba jami'ar, irin wanda shugaban ƙasa ke riƙewa a jami'o'in tarayya. Daga nan sai kwamitin amintattu, sai majalisar gudanarwa mai kula da kuɗi da ɗaukar manyan ma'aikata, sai majalisar malamai wadda manhaja da jarrabawa ke hannunta. Aikin yau da kullum na shugaban jami'a ne da magatakarda da ma'aji. Cikin waɗanda suka riƙe kujerar shugaban jami'ar akwai Farfesa William Qurix, tsohon shugaban Jami'ar Jihar Kaduna, daga 2018, sai Farfesa Haruna Kuje Ayuba da ya gaje shi a 2024. Wannan tsari yana tafiya daidai ne kawai idan kowa ya tsaya a iyakarsa. Haƙƙin fasto ne ya tambayi tarbiyyar ɗalibai da inda kuɗin ikilisiya ya tafi, amma wanda ya ci jarrabawa da wanda ya cancanci ƙarin girma hukuncin malamai ne. Daga waje kuma hukumar jami'o'i tana tantance kowane kwas, JAMB tana riƙe da ƙofar shiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Asusun TETFund ba ya gina wa jami'a mai zaman kanta ko aji ɗaya, kuma bashin karatu da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Albashin farfesa, da man janareta, da kayan ɗakin gwaji, kusan duk daga kuɗin makaranta suke fitowa. Ita kuwa ECWA yawancin mambobinta manoma ne da ƙananan ma'aikata a kudancin Kaduna, da Filato, da Tangale, da ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina. Matar da ke ƙungiyar Zumuntar Mata ta ikilisiyar, wadda ke ɗaure baikonta a bakin zane duk Lahadi, tana cikin masu jami'ar nan, amma da wuya ta iya biya wa ɗanta kuɗin shekara guda a cikinta, balle a ce likitanci. Wannan koke ba na ECWA kaɗai ba ne, ana yin sa a kusan duk jami'o'in addini na ƙasar nan. Amma ya fi nauyi a kan ikilisiyar da aka san ta da makarantar ƙauye da ɗakin shan magani. Rage kuɗi ba tare da wata hanyar samu ba zai durƙusar da makarantar. Abin da ya fi dacewa shi ne asusun tallafi mai ɗorewa, wanda tsofaffin ɗalibai da manyan majami'un Abuja da Jos da Kaduna za su riƙa zuba wa kuɗi, a kuma ware wa kowace gundumar ikilisiya gurabe na yaran da suka ci jarrabawa amma iyayensu ba su da hali.