Awon da Ba a Yi: Ƙarin Horon Ungozomar Asibiti da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Mai Jego

A shekarar 2023 aka wallafa sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 210,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Babu wani sabon magani a cikin abin da aka gwada. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jini ya taru a ciki a karanta yawansa, sannan aka horar da ungozoma ta haɗa matakan tsayar da jini a lokaci guda maimakon ta yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. A asibitocin da aka ci gaba da kintata jini da ido, kashi 51 cikin 100 na masu zubar jinin kawai aka gano. Inda aka shimfiɗa ledar, an gano kashi 93. Zubar jini mai tsanani da tiyatar gaggawa da mutuwa, idan aka haɗa su, sun ragu da kashi 60.

Jini ja ne, yana jiƙa zane, yana ɗiga a ƙasa, amma ƙwararrun ma'aikata suka kasa gane rabin matan da yake neman hallakawa har sai da aka ba su abin awo aka maimaita musu darasi. To ina ga ciwon da ba ya jiƙa zane? Matsayar wannan maƙala ita ce, halin da zuciyar mai ciki da mai jego ke ciki ya cancanci shiga jerin abubuwan da ungozomar asibiti ke aunawa, kamar hawan jini da kwanciyar ɗa, kuma ƙarin horon da take samu bayan ta bar makaranta shi ne hanya mafi kusa ta cim ma haka. Sai dai fasalin horon da muke da shi a yau ba zai kai mu can ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki, da kusan kashi 20 na waɗanda suka haihu, suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Wato a layin rigakafi mai mata 50, ana iya samun 10. Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa a nan. Akwai rauni da saurin kuka da ke zuwa wa mata da yawa a kwanakin farko, wanda kan wuce da kansa kafin mako biyu. Akwai ciwon damuwa, wanda ke daɗewa, ya hana barci ko da jariri ya yi barci, ya cire wa mace sha'awar abinci da hira da ɗan da ta haifa. Na ukun shi ne rikicewar hankali, mai samun mace 1 ko 2 cikin 1,000, mai zuwa farat ɗaya a makonnin farko, kuma shi lamari ne na gaggawa daidai da jijjiga. Ungozomar da ba ta iya raba ukun nan ba, ko dai ta tsorata dangi a kan abin da zai wuce, ko ta ce "a yi haƙuri, jego ne" ga matar da ke dab da cutar da kanta.

Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta wajabta sabunta lasisi duk bayan shekara uku, kuma tun 2010 ta ɗaura wannan sabuntawa da halartar shirin ƙarin horo da ma'aikata suka fi sani da MCPDP. Tsari ne mai kyau a asalinsa, domin kafin shi mace na iya shekara ashirin a ɗakin haihuwa da ilimin da ta fito da shi daga makaranta. Matsalar tana cikin rabon darussa. Lafiyar uwa da yaro fanni ne guda, taɓin hankali wani fanni ne daban, kuma ungozoma za ta ɗauki wanda ya shafi aikinta ta bar ɗayan ga ma'aikatan asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kware da Barnawa. Mai jegon da ke cikin damuwa kuwa ba ta zuwa Dawanau. Wurin awo take zuwa, ta zauna a benci ta miƙa kati. Ilimin yana wani gini, mai buƙatarsa tana wani.

A ƙasar Hausa akwai abin da ke ƙara rufe lamarin, kuma a nan ne ya kamata horon ya fi daɗewa. Al'adarmu ta tanadar wa mai jego kulawar da ƙasashe da yawa za su yi sha'awa: goyon ciki a gidan iyaye ga haihuwar fari, tsohuwa mai wankan jego, kunu da gasasshen nama, 'yan barka suna shige da fice har ranar suna, hutu har arba'in. Wannan kariya ce ta gaske, kuma duk horon da ya raina ta ya ɓata wa kansa lokaci. Amma kulawar ta fi karkata ga jiki. Ana duba ko nono ya kawo, ko jini ya tsaya, ko cibiya ta faɗi. Shirun mai jego kuwa, kunya ake ɗaukarsa, musamman a kan ɗan fari, wanda al'ada ta ce uwa ta kau da kai daga gare shi a gaban mutane. Yarinyar da ta ƙi ɗaukar jaririnta saboda kara, da wadda ta ƙi shi saboda zuciyarta ta mutu a kansa, kamanninsu ɗaya ne a idon 'yan barka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 29 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Arewa maso Yamma sun haihu ko suna ɗauke da ciki, don haka masu haihuwar fari da ƙuruciya ba kaɗan ba ne a layin awo.

Idan ma ta yi magana, da wuya ta ce tana cikin baƙin ciki, domin wadda Allah ya sauke lafiya ya ba ta ɗa, faɗin haka kamar butulci ne. Za ta ce kanta na mata nauyi, ko gabanta na faɗuwa, ko jikinta ba ƙarfi, ko tunani ya yi mata yawa. Sau da yawa ana sallamar ta da farasitamol da maganin ƙarin jini. Ungozomar da aka horar za ta duba jinin, domin ƙarancinsa yana kawo kasala da bugun zuciya, za ta kuma saurari ƙirji ta duba kumburin ƙafa, domin ciwon zuciyar masu jego da Davidson da Parry suka yi nazari a kai a Zariya a shekarun 1970 bai ɓace ba. Bayan nan sai ta ƙara tambaya uku ko huɗu: kina samun barci idan yaron ya yi barci? Akwai abin da ke faranta miki rai kwanan nan? Wa ke taya ki aiki a gida? Lafiya kuke da maigidan? Ta kuma san matan da ya kamata ta fi sa wa ido: wadda ɗanta bai zo da rai ba, mai wabi, wadda ta yi ɓari a jere, wadda aka yi wa kishiya ko aka saka tana da ciki, mai yoyon fitsari, da wadda rikici ya koro daga ƙauyensu a Zamfara ko Borno.

Rikicewar hankali ita kuma ba a ma kawo ta asibiti da wuri. Iska ake cewa, ko sammu, a nemi mai ruƙiyya ko hayaƙi. Ba aikin ungozoma ba ne ta yi gardamar aƙida da uwar miji, kuma idan ta yi, ba za a sake kawo mata mai jegon ba. Abin da ya kamata a koya mata shi ne yadda za ta ce: "Inna, a ci gaba da addu'a, amma yau ɗin nan a kai ta likita ya gan ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron." Akwai dalili na biyu na gaggawar. Sambatu da fita hayyaci bayan haihuwa na iya zama zazzaɓin ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, ko maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko jijjigar da ta biyo bayan haihuwa. Kafin a ce mace ta taɓu, a auna zafin jikinta da hawan jininta. Wannan darasi ɗaya kaɗai ya isa ya biya kuɗin bita.

Masu ja da wannan matsaya suna da hujja mai nauyi. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce mata kusan 82,000 suka mutu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda ne ke kan gaba. Ungozoma ɗaya na iya riƙe ɗakin haihuwa da dare ita kaɗai da fitilar waya. A ɗora mata wani sabon aiki? Sannan likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutane sama da miliyan 200. In ta gano, ina za ta tura?

Tambaya ta biyu ita ce mai ƙarfi, kuma an gwada amsarta a aikace. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa su riƙa zama da masu ciki suna tattaunawa bisa tsari. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna bayan wata shida da haihuwa kashi 23 ne suka rage cikin damuwa a rukunin da aka yi wa haka, alhali a ɗaya rukunin kashi 53 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. A gida kuma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci gwaji a ƙananan asibitocin Jihar Oyo, wanda aka wallafa a 2019, inda ma'aikatan awon ciki da kansu suka yi jinyar, likita yana tallafa musu ta waya. Kusan biyu cikin uku na matan sun samu sauƙi cikin wata shida, har a rukunin da aka yi wa jinya mara zurfi. Ke nan mafi yawan masu damuwa ba sa buƙatar asibitin ƙwaƙwalwa. 'Yan kaɗan masu tsanani ne za a tura, kuma su ne ya kamata kowace ungozoma ta riƙe lambar wayar da za ta kira a kansu kafin ta yi tambayar farko.

Game da tambaya ta farko, raba jiki da zuciya a lissafin mace-mace kuskure ne. Matar da damuwa ta danne ita ce ke fashin awo, ta daina shan magani, ta ga alamar haɗari ta yi shiru, ta kasa shayarwa yadda ya kamata. Ma'aunin Edinburgh na gano damuwar mai jego, wanda Cox da abokansa suka fitar a 1987, tambaya 10 ne kacal, ana gama shi cikin 'yan mintuna. Shawarwarin kula da mai jego da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 sun sa irin wannan awo cikin aikin yau da kullum.

Saura yadda za a koyar. Kowa a aikin lafiya ya san bitar otal: kwana uku a babban birni, jaka da littafi da alawus, hoton rukuni, takardar shaida. Sau da yawa shugabar sashe ce ke zuwa, ba mai kwana a ɗakin haihuwa ba. Iya magana da mace mai ɓoye damuwarta kuwa ba ya shiga ta majigi. Sai an yi gwaji, wata ta zama mai jego wata ta zama sista, da Hausar da za a yi amfani da ita gobe, a yi kuskure a gyara, a dawo bayan wata ɗaya a sake. Kano ta taɓa nuna abin da horo mai bin ma'aikaci har wurin aikinsa ke iya yi: da aka shigar da allurar maganiziyam a asibitoci 10 na jihar daga 2008, tare da koyar da ma'aikata da ajiye ƙa'idar aiki a hannunsu, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan kashi 21 zuwa ƙasa da kashi 3.

Dole kuma horon ya wuce ɗakin haihuwa. A 2018 ƙasa da mace ɗaya cikin biyar ce ƙwararre ya karɓi haihuwarta a Arewa maso Yamma. Sauran a ɗaka suka haihu, ungozomar gargajiya ta zo ta yanke cibi. Amma da yawansu suna fitowa rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, daidai lokacin da damuwa ke bayyana. Ungozomar asibiti ce za ta koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko da ke kan teburin rigakafi su dubi uwar, ba cinyar yaron kaɗai ba.

Akwai wani ƙulli na shari'a da bai kamata a ɓoye wa masu horo ba. Tambaya ta 10 a ma'aunin Edinburgh a kan tunanin cutar da kai take. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta soke sashe na 231 na kundin hukunta laifuffuka na Arewa ba, wanda ya tanadi ɗauri har na shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ga kuma nauyin abin a addini. Mace ba za ta amsa wannan tambaya a gaban layi ba. Ana buƙatar labule, da murya ƙasa-ƙasa, da tabbacin cewa maganar ba za ta isa gidan suna ba.

Ita kanta ungozomar tana ɗauke da nata. Wadda mace ta mutu a hannunta da asuba takan wanke hannu ta karɓi wata haihuwar, sannan ta je zaman bitar mutuwar a tambaye ta me ya sa ba ta yi kaza ba. Tsawar da mata ke kuka da ita a ɗakin haihuwa, wani ɓangarenta daga nan yake fitowa. Ba uzuri ba ne, amma wadda ba a taɓa tambayar halin da take ciki ba, da wuya ta iya tambayar wata. Rabin awa a wata, ma'aikata su zauna da wata babba su faɗi abin da ya tsaya musu a rai ba tare da an rubuta suna ba, ya kamata a lissafa shi cikin makin sabunta lasisi.

Kiran yana kan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma da ma'aikatun lafiya na jihohin Arewa: a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwar mai ciki da mai jego cikin darasin lafiyar uwa da yaro, a ba da maki ga horon da aka yi a wurin aiki kamar yadda ake bayarwa ga na zauren taro, a kuma buɗe gurbi a katin awo, kusa da na hawan jini, inda ungozoma za ta rubuta amsar da matar ta ba ta.